Babana, Pele da Kakar Raccah ta 1978

A daren 25 ga Yuni, 2014, na ƙaryata mahaifina a gaban abokansa. Ban buɗe baki na ce masa ƙarya yake yi ba, ko giyar wake na sha ba zan iya ba. Waya na ɗaga, na karanta abin da ke cikinta da ƙarfi, na bar ta ta faɗa a madadina.

Ranar ce Najeriya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya da aka yi a Brazil. An ci mu uku da biyu, amma babu wanda ya bar gidan kallo da ɓacin rai, don Ahmed Musa ya jefa ƙwallo biyu a ragar su Messi, kuma duk da shan kayen mun haye zagaye na gaba. Bayan sallar isha'i majalisar ƙofar gidanmu, can cikin tsohon garin Sakkwato, ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi, an ɗora butar shayi a kan gawayi, hadari ya haɗu ya watse ya bar mu da zufa. Hira ɗaya ake yi: yaron nan da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya yana Kano Pillars, ga shi yau duniya na kallonsa.

Baba ya bari aka gama yabon Pillars, sannan ya gyara zama.

"Ku yaran yanzu kun ɗauka da Pillars ƙwallon Kano yah hwara. Ina kuke sa'ad da Raccah tac cinye gasar ƙasa? Shekaran nan ce nig ga Pele da idona, Kaduna, shina wasa da Raccah."

Mu 'ya'yan gidan mun haddace labarin tun muna ƙanana. A 1978 Baba saurayi ne ɗan shekara ashirin, yaron wani attajirin fata. Aikinsa raka lodin fatar jar akuya daga Sakkwato zuwa kamfanonin jima na Kano, ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa. A wannan zirga-zirgar ya kamu da son Raccah Rovers, har ya iya daidaita tafiya ta faɗo ranar da suke da wasa a gida. Sai wata rana aka ji a rediyo cewa Raccah za ta buga da wasu 'yan Brazil a Kaduna, kuma Pele zai zo. Baba ya lallaɓi direbansu suka karkata hanya. Ya ce ranar Laraba ce. Ya ce Pele ya sa riga mai ratsi uku, kore da fari da ja mai duhu, da lamba goma a baya. Ya ce rabin wasa kawai ya yi ya fita, kuma an ci Raccah biyu da ɗaya.

Direban nan ya daɗe da rasuwa, saboda haka Baba ba shi da shaida sai bakinsa. Akwai kuma taubashinsa, wanda muke ce wa Kawu, da ya shekara talatin da shida yana tsokanarsa a kan labarin. Duk sanda Baba ya fara, sai Kawu ya ce, "Wani baƙin mutum dai anka sa ma riga, kai kuwa baƙauye kab biya kuɗɗinka." A yi dariya, Baba ya rama da nasa, a wuce wurin. Wasan taubasai ne, babu wanda ya taɓa yin nasara, kuma ina jin babu wanda ya so ya yi.

A lokacin shekarata ashirin da huɗu. Na gama digirin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina jiran kiran bautar ƙasa, da sabuwar waya a aljihu da kai cike da iska. Kawu ya juyo gare ni.

"Kai ɗan boko, tambayi wagga waya taka. Ance ta san komi."

Na tambaye ta. Na karanta musu: Pele ya buga wa Santos daga 1956 zuwa 1974, sai New York Cosmos ta Amurka daga 1975 zuwa 1977. Wasansa na ban-kwana ranar 1 ga Oktoba, 1977. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ƙara da nawa.

"Baba, a 1978 Pele ya riga ya ajiye ƙwallo. Kuma ƙungiya biyu kaɗai ya yi wa wasa, babu mai riga irin wadda kake faɗa. Ƙila dai wani ne mai kama da shi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Kawu har da buga ƙafa. Daga daren nan ya laƙaba wa Baba suna Abokin Pele, sunan kuwa ya bi shi har kasuwa. Baba shi ma ya yi murmushi, ya miƙa kofinsa aka ƙara masa shayi, ya ce, "To, tunda waya tac ce."

Da na shiga cikin gida Inna ta riga ta ji, don katangar zaure ba ta riƙe magana. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ko rawaninsa ne ya karkace, a tsakiyar kasuwa za ka gyara masa?" Na ce mata ai gaskiya na faɗa. Na kwanta ina ganin na yi abin kirki. Baba bai sake ba da labarin nan ba, ko a waje ko a cikin gida, kuma na yi shekaru ban ma lura ya daina ba.

* * *

Abin da ya dawo da ni kan maganar ya zo ta inda ban zata ba, ta wani wasa da ko sau ɗaya ban taɓa kallonsa ba.

A farkon 2022 na samu kwangila ta intanet da wani ƙaramin kamfani a Amurka. Suna gina manhajar waya ta tarihin ƙwallon Amurka, wannan da ake yi da hular kwano da ƙwallo mai siffar gwanda. Aikina shi ne in karɓi tsofaffin alƙaluma, in tsabtace su, in zuba a rumbun bayanai. Daga ɗakina a Mabera nake yi, da dare, lokacin da su can suke da rana, ina lallaɓa batirin sola. Dole na koyi dokokin wasan don in gane abin da nake zubawa: mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, ana ba ka dama huɗu ka ciyar da ƙwallo gaba yadi goma, in ka kai ta ƙarshen fili ka samu maki shida.

Aka rarraba mana shekaru, ni aka ba ni daga 1970 zuwa 1979. Haka na wayi gari na san kakar 1978 ta Pittsburgh Steelers fiye da yadda na san zuriyar kakana. Shekarar ce aka fara buga wasa 16 a kaka maimakon 14, ƙungiyoyi 28. Steelers suka ci 14, aka ci su biyu. Kocinsu Chuck Noll, mai jefa musu ƙwallo Terry Bradshaw. Ranar 21 ga Janairu, 1979, a Miami, suka doke Dallas Cowboys da maki 35 da 31 suka ɗauki kofi. Kowane wasa yana da kwanan wata, da filin da aka yi shi, da yawan 'yan kallo, da wanda ya ruga da ƙwallo da yadi nawa ya ci. Abokin aikina da aka ba shekarun farko yana da bayanan Canton Bulldogs, zakarun 1922 da 1923, ƙungiyar da ta mutu tun kafin a haifi kakana, amma ga kakarta a jere, wasa bayan wasa.

Cikin aikin na yi wani kuskure. 'Yan bayan Steelers na wancan zamani sun yi suna har ana ce musu Labulen Ƙarfe, babbansu Joe Greene. Abin alfaharin ɗan baya shi ne ya kutsa ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. To hukumar wasan ba ta fara ƙirga wannan a hukumance ba sai 1982. Saboda haka a takardun da aka ba ni gurbin babu komai. Ni kuma, don in kauce wa matsala a lissafi, na rubuta umarni cewa duk gurbin da aka tarar fanko a cike shi da sifili. Manhaja ta fito tana shaida wa duniya cewa Joe Greene bai kayar da kowa ba a 1978.

Mai duba aikinmu wani dattijo ne. Saƙonsa gajere ne. Ya ce shi yana filin, ya ga mutumin nan yana kayar da su da idonsa. Ya ce ba a ƙirga ba ne kawai, in gyara.

Kunya ta kama ni, don wannan darasin aji ɗaya ne a sana'armu. Sifili na nufin an duba, an ƙirga, ba a samu ba. Fanko na nufin ba a rubuta ba. Wanda ya haɗa su ya ɓata rumbunsa, kuma ɓatawar ba ta ihu, shiru take yi tana ba mutane amsar ƙarya da fuskar gaskiya. Daga baya na ga cewa wasu masu bincike sun bi tsofaffin finafinai da takardun wasanni sun ƙirgo abin da hukuma ba ta ƙirga ba har zuwa 1960, aka fitar da shi a 2021. Wato gurbin ya yi shekara da shekaru yana jiran wanda zai yarda cewa akwai abin da ya kamata ya shiga ciki.

A wannan makon ina zuba sunayen filaye na ci karo da Giants Stadium, gidan New York Giants. Sunan ya tsaya mini. A nan ne Pele ya yi wasan ban-kwanan da na karanta wa majalisa. Na ajiye aiki, na rubuta Raccah Rovers 1978 a wurin bincike.

* * *

Abin da na samu layi ne a jerin zakarun Najeriya. An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta ci. Bendel Insurance 1973. Enugu Rangers 1974 da 1975. Shooting Stars ta Ibadan 1976. Rangers kuma 1977. Sai 1978: Raccah Rovers, Kano.

Wanda ya san ƙwallon wancan zamani ya san nauyin layin nan. Shooting Stars ta su Segun Odegbami da Muda Lawal ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1976. Rangers ta su Christian Chukwu da Emmanuel Okala ta ci shi a 1977. Bendel Insurance kuwa a 1978 ɗin ta lallasa Rangers uku da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. Ƙungiyoyin da suka ba Green Eagles ƙashin bayan tawagar da ta ci kofin Afirka a Legas a 1980 ke nan. A tsakiyar waɗannan giwayen wata ƙungiya daga Kano ta ratsa ta ɗauke gasar. Sunanta ma tsohon suna ne a kasuwar Kano, tun zamanin Saul Raccah, ɗan kasuwar da ya zo daga Tarabulus ta Libiya ya shahara a cinikin gyaɗa. Kamar yadda Steelers suka ɗauki sunansu daga masana'antun ƙarfe na garinsu, haka wannan sunan ke ɗauke da ƙanshin dalar gyaɗa. Bayan wannan kakar, sai da Kano ta jira shekara talatin cif kafin kofin ya dawo mata, a 2008, a hannun Pillars, ƙungiyar da ba a ma kafa ta ba sai 1990.

Na dubi allon kwamfutata. A taga ɗaya ga kakar 1978 ta Pittsburgh, dubban layuka. A ɗaya tagar ga kakar 1978 ta Kano, layi ɗaya. Shekara ɗaya, zakaru biyu. Na san mutumin da ya ga wasannin layi ɗayan nan da idonsa, yana kwance a gidan da bai fi tafiyar minti goma sha biyar a babur daga inda nake ba, kuma ni ne na rufe masa baki.

Duk da haka ban je ba. Na ce wa kaina to, Raccah ta ci gasa, wannan Baba ya yi gaskiya, amma maganar Pele daban ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni nawa ya riga ya kama wuya.

* * *

Ranar Alhamis, 29 ga Disamba, 2022, da dare, labari ya bazu cewa Pele ya rasu a São Paulo yana da shekara 82. Ana tsakiyar hunturu, ina ƙudundune cikin bargo ina bin abin da ake rubutawa a kansa. Kowa na fito da nasa: kofunan duniya uku, 1958 da 1962 da 1970, zuwansa Najeriya da Santos a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa, yadda juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala a cikinsa ya rutsa da shi a Legas a Fabrairun 1976.

Can sai ga wani hoto daga magoya bayan Fluminense, ƙungiyar birnin Rio. Pele ne cikin riga mai ratsi uku, kore da fari da ja mai duhu. Rubutun da harshen Fotugal yake, amma kalma ɗaya ba ta bukatar fassara: Kaduna.

Na tashi zaune. Na kwafi rubutun na zuba a manhajar fassara, hannuna na rawa. A watan Afrilun 1978 Fluminense ta zo rangadi Najeriya, Pele kuma yana ƙasar yana tallan kayan lantarki na gida na wani kamfanin Brazil. Ranar 22 ga wata a Legas ya sa rigar Najeriya ya buga da Fluminense na ɗan lokaci. Ranar 26 ga wata a Kaduna, jama'a suka cika fili saboda an yaɗa cewa zai buga, alhali ba a shirya hakan ba. Don gudun abin da zai biyo baya in bai fito ba, aka ba shi rigar Fluminense mai lamba goma. Ya yi rabin farko ya fita. Fluminense biyu, Racca Rovers ɗaya.

Racca, babu harafin ƙarshe. Haka 'yan Brazil suke rubuta sunan. Labarin yana nan tun tuni, da wani harshe, da wata ƙa'idar rubutu, a shafukan da ɗan shekara ashirin da huɗu mai gaggawar burge majalisa bai leƙa ba. Na buɗe kalanda a kwamfuta na koma 26 ga Afrilu, 1978. Laraba.

Ranar, launin riga, lamba, rabin wasa, biyu da ɗaya. Abu biyar Baba ya riƙe a kansa shekara arba'in da huɗu, ba takarda ba hoto, ko ɗaya bai kauce ba. Abin da wayata ta nuna mini a 2014 ba ƙarya ba ne: wasan sada zumunci ne, ba ya shiga jerin ƙungiyoyin da mutum ya yi wa aiki. Gurbin fanko ne. Ni na cike shi da sifili, a gaban mutane, a kan mahaifina.

* * *

Washegari bayan an sauko Juma'a na same shi a zaure yana jin rediyo, ana ta maganar mamacin. Na durƙusa na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara. Sai na miƙa masa wayar da hoton a buɗe.

Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya sa na ƙara girman hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ce rigar," in ji shi. "Amma ja ɗin ya hi haka duhu."

Na karanta masa fassarar duka. Da na zo wurin biyu da ɗaya ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibi ya kawo masa hadda daidai. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Na yi maka rashin kunya a gaban mutane, kuma kai ke da gaskiya."

"Allah shi yahe muna baki ɗai. Ni ban riƙe ka ba. Ni da nig gani, mi waya za ta rage min?"

Ya yi shiru, ya miƙo mini wayar.

"Wanda ya kamata ka kai ma wanga hoto, mun kai shi makwancinai bara."

Kawu ya rasu a damina ta 2021, bayan gajeriyar jinya. Ya tafi yana ganin ya ci wasan. A ranar na gane abin da na ɓata. Baba bai taɓa bukatar Kawu ya yarda ba. Musun nan shi ne igiyar da ke tsakaninsu, abin da suke ja shekara talatin da shida, kowa na jin ɗan'uwansa a ɗaya bakin. Na zo da almakashi na datse. Bayan daren nan Kawu ya ci gaba da kiran sunan tsokanar, amma babu sauran ja, don Baba ya saki nasa ɓangaren. Shekara bakwai na ƙarshe na zamansu tare sun yi su babu wasan da suka fi so. Wannan babu hoton da zai mayar da shi. Magana zarar bunu ce.

Na ce masa zan je majalisa da daddare in faɗa a gaban kowa, yadda na yi wancan a gaban kowa. Ya ce ba sai na yi ba. Na je na yi. Cikin waɗanda suka yi dariya a 2014 mutum huɗu suka rage. Suka karɓi wayar suna miƙa wa juna, ɗaya ya ce, "Ashe Abokin Pele da gaske abokin Pele ne." Sunan bai mutu ba, ma'anarsa ce ta juya.

* * *

Tun daga lokacin, kusan kowace Juma'a nakan ajiye waya a gaban Baba in danna ɗaukar murya. Da farko ya ƙi, ya ce ba ya hira da abin da ya taɓa ƙaryata shi. Daga baya ya saba.

Ba alƙaluma yake ba ni ba. Yana ba ni yadda ake sauke fata da sassafe a yi sauri a karɓi takarda don a samu shiga filin Sabon Gari kafin ya cika. Yadda in wasa ya kama Raccah a kudu, 'yan kasuwar fata ke kewaye rediyo ɗaya a rumfa, mai rediyon yana jujjuya eriya kamar mai neman alƙibla. Yadda Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi, waɗanda a ranar kasuwa ba su bar Bakano ya huta da zolaya ba, suka zama 'yan Raccah a shekarar nan. Yadda a hanyarsu ta zuwa Kaduna suka tarar da sojoji a Zariya, gari ya yi tsit. Wannan na bi shi na duba: a watan Afrilun nan ne aka yi boren ɗalibai na "Ali Must Go" kan ƙarin kuɗin makaranta, aka kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi bai haɗa abubuwan biyu ba, abin da ya gani ta tagar mota kawai ya faɗa. Yakan ƙara da cewa a lokacin da tsakar dare suke ratsa dajin Zamfara, babu abin da suke tsoro sai barcin direba.

Na buɗe wa kakar nan rumbu nata, irin wanda na gina wa mutanen Amurka, da bambanci biyu. Na farko, babu umarnin da ke cike fanko da sifili. Na biyu, na ƙara gurbi a gefen kowane bayani: wa ya faɗa, a ina yake tsaye, daga wa ya ji. Ban ƙirƙiro wannan ba. A garin nan aka rubuta tarihin jihadi tun waɗanda suka yi shi suna raye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, Waziri Giɗaɗo ya tattara abin da ya gani da abin da ya ji daga waɗanda suka gani. Malamanmu ba sa karɓar magana sai sun san bakin da ta fito, kuma ba sa jefar da ita don kawai ba su same ta a littafin da ke hannunsu ba. Ni da na yi shekara huɗu ina koyon ajiyar bayanai, sai da na zagaya ta Pittsburgh kafin in dawo kan abin da ke ƙofar gidanmu.

Sauran aikin na ƙafa ne. Jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo suna fitowa a 1978, kuma Kaduna na da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Na sa a raina in je in zauna da tsofaffin kundaye, shafi bayan shafi. Amma takarda za ta iya jira na wata shekara. Waɗanda ba za su jira ba su ne masu shekara sittin da biyar zuwa sama, a Fagge da Sabon Gari da Tudun Wadan Kaduna da nan Sakkwato, waɗanda kowannensu ke riƙe da guntun kakar nan a kansa, jikokinsu kuwa na zaune kusa da su suna musu a kan Arsenal da Madrid. In akwai irinsu a gidanku, wayar da kuke karanta wannan da ita tana ɗaukar murya.

Ranar da Sokoto United ke wasa a filin Giginya nakan je yanzu da ɗan littafi a aljihu. In rubuta kwanan wata, da waɗanda suka buga, da wanda ya ci, da minti nawa. Wani matashi ya taɓa tambayata ko ɗan jarida ne ni. Na ce a'a, ina dai rubuta wa wani yaro da ba a haifa ba tukuna, don kada ya yi wa ubansa abin da na yi wa nawa.

A sallar da ta wuce na kai ɗana gaisuwa. Shekararsa shida, ya fara sanin sunayen 'yan ƙwallo. Ya tambayi kakansa ko ya taɓa ganin Messi. Baba ya ce a'a, amma ya ga wanda ya fi shi. Ya ɗora yaron a cinya ya fara daga farko: lodin fata, direba, rediyo, ranar Laraba, riga mai ratsi uku. Ina daga bakin ƙofa ina ji, karo na farko cikin shekara goma labarin ya fito da kansa ba don na roƙa ba.

Da ya zo ƙarshe ya ce, "Anka ci mu biyu da ɗaya." Sai ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Ko waya ta yarda?"

Na ce, "Ta yarda, Baba."